Tambaya da Amsa: Dodon Cikin Kwali da Rigimar Kayan Wasan Azaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayar da kayan gwanjo, musamman jakunkuna da takalma da kayan wasan yara waɗanda ke zuwa mana a dila daga Turai ta tashar Duwala. A cikin wata dila da na kwance kwanan baya na tsinci wani tsohon kwali, a jikinsa an zana wani ƙaton mutum mai ɗinki a goshi yana tafe da hannuwa a miƙe, a gefe kuma an rubuta Aurora. Da na buɗe sai na tarar da guntayen roba, hannu daban, ƙafa daban, kai a rabe gida biyu, har da wani abu mai kama da dutsen kabari. Ɗana mai shekara 11 ya nace sai na ba shi ya haɗa, mahaifiyarsa kuwa ta rantse ba za a kwana da wannan abu a ɗakinta ba. Mene ne asalinsa, kuma ya dace in bar wa yaro?
*Daga wani Alhaji, Garwa*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abin da ya faɗo hannunka yana da tarihi mai tsawo. Aurora kamfani ne da aka kafa a birnin New York na Amurka a 1950, sana'arsa kuma ita ce zuba roba mai tauri a cikin mazubi na ƙarfe, ta fito gunduwa-gunduwa, a zuba a kwali tare da takardar bayani, yaro ya saya ya haɗa da gam, sannan ya shafa fenti da kansa. Da jiragen sama da jiragen ruwa da motoci da sojojin dauri kamfanin ya fara. A 1961 ne ya sami izini daga kamfanin finafinai na Universal ya fitar da wannan da kake riƙe da shi, wato dodon Frankenstein, kamar yadda ɗan wasa Boris Karloff ya fito da siffarsa a fim ɗin 1931. A labarin, wani masanin kimiyya ne ya harhaɗa gaɓoɓin matattu ya tayar da halitta, shi ya sa ka ga ɗinki a goshi da dutsen kabari.

Dalilin da ya sa abin ya karɓu shi ne, tun 1957 gidajen talabijin na Amurka suka fara nuna tsofaffin finafinan ban tsoro na Universal da daddare, yara kuma suka kamu da son su. Da kwalin ya fito a kan santi 98, wato dalar Amurka ɗaya ba santi biyu, kuɗin da yaro zai iya tarawa da kansa, sai aka yi ta rububinsa har injunan kamfanin suka koma aiki dare da rana. Zanen jikin kwalin, wanda wani gwanin mai zane James Bama ya yi, shi ma ya ja hankalin yara ƙwarai. Daga nan sauran dodanni suka biyo baya: Dracula mai shan jini da mutum-kyarkeci a 1962, gawar Masar mai naɗe da likkafani da dodon ruwa a 1963, sannan King Kong da Godzilla. A 1969 suka fara yin wasu da roba mai haske a cikin duhu.

Game da ko ya dace, ra'ayina shi ne wannan dodon shi kaɗai ba shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali ba. Mu Hausawa ba baƙin dodo ba ne. Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya san daren da ake cewa "ga ta nan ga ta nanku", a kawo labarin Dodo da ya haɗiye yarinya mai taurin kai, ko wanda ke tsare rijiya ya hana mutanen gari ɗiban ruwa, yara su matsu jikin juna don tsoro, amma gobe su ne za su roƙi a sake. Tatsuniya tana ba yaro tsoro daidai abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, a kusa da babba, kuma a ƙarshe dodon ne ke shan kashi. Yaron da ya zauna ya lallaɓa guntayen roba har suka zama dodo mai tsawon taƙi guda, wanda zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya ajiye a kan kanta, ya yi wani abu mai kama da haka, domin ya mayar da abin tsoro ƙaramin abu da ya san yadda aka haɗa shi. Ga kuma haƙuri da natsuwa da bin umarni daki-daki da aikin ke koyarwa, irin wanda yaranmu ke samu idan suna ƙera mota da kara ko da waya.

Sai dai kada ka yi wasa da maganar Hajiya. Ita ce ke tashi cikin dare idan ƙannensa sun firgita, ita ta san wanda ke da raunin zuciya a cikinsu, kuma ɗaki nata ne. Idan za a haɗa, a haɗa a zaure ko a shago kana zaune tare da shi, kada ya zama abin da zai riƙa razana ƙanne da shi. Ka kuma lura da abu biyu na lafiya. Ƙananan guntayen na iya shaƙe jariri idan ya kai baki, gam ɗin da ake haɗa irin wannan roba da shi kuwa yana da tururi mai bugarwa irin na sholisho, don haka ba a amfani da shi a ɗaki rufe, ba a kuma barin yaro da shi shi kaɗai. Kafin ka yanke shawara, karanta sauran amsoshin da ke ƙasa, domin biyu daga cikinsu sun shafi kwalin nan naka kai tsaye.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Marwa. Duk lokacin Sallah kasuwa takan cika da bindigogin roba masu harsashin ƙwallo, da wuƙaƙe da adduna na roba waɗanda aka shafa wa jan fenti kamar jini, da fuskokin ƙwarangwal. Bayan hutu sai in ga yara a filin makaranta sun ɗaure ɗaya daga cikinsu, sun durƙusar da shi, suna kwaikwayon yanka. Idan na yi wa iyaye magana sai su ce wasa ne, kuma ai Turawa ne suka ƙirƙiro waɗannan kaya, da suna da illa da ba su bai wa 'ya'yansu ba. Shin da gaske ba a taɓa yin jayayya a kan irin waɗannan kaya a can ba?
*Daga wata Malama, Marwa*

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan kula. An yi jayayya, an yi zanga-zanga, har doka an kafa, kuma kamfanin nan na Aurora da muka ambata a sama shi ne a tsakiyar rigimar.

A 1964, ganin dodanni sun yi kasuwa, kamfanin ya ƙara taku guda. Ya fitar da kwalin giyotin, na'urar nan ta fille kai da aka sani a tarihin Faransa, kuma ba ta ado ba ce kawai, aiki take yi. Yaro zai haɗa katakon roba, ya kwantar da ɗan mutum-mutumi a ɗaure, ya saki wuƙar ta sulalo, kai ya faɗa cikin kwando, sannan ya mayar da kan ya sake. Ki tuna cewa a wannan lokaci giyotin ba tsohon labari ba ce, domin Faransa ba ta daina amfani da ita ba sai bayan kisan ƙarshe da aka yi a birnin Marsai a 1977, hukuncin kisa kuma sai a 1981 aka soke shi. Iyaye sun yi ca a kan kamfanin, sauran na'urorin azaba da ya yi niyyar fitarwa a jere da ita kuma ba su fito ba. Ƙin irin wannan abin wasa ma ya girmi Aurora nesa ba kusa ba. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, ana sayar da ƙananan giyotin na yara, har marubucin Jamus Goethe ya roƙi mahaifiyarsa ta sayo wa ƙaramin ɗansa guda, tsohuwar ta rubuto masa amsa cikin fushi ta ce ba za ta saya ba ko ta halin ƙaƙa. Ina son wannan labari domin yana nuna cewa kaka mai hankali iri ɗaya ce ko'ina take.

Babbar rigimar ta zo a 1971, da jerin da aka sa wa suna Monster Scenes. Kwalaye takwas ne, ba sa ma bukatar gam, ɗosa su ake yi su kama, wato an yi su ne domin yara ƙanana su iya. A ciki akwai mugun likita mai suna Dr. Deadly, akwai dodon Frankenstein, akwai wata mace mai shan jini da tufafi kaɗan a jikinta, akwai keji na rataye mutum tare da kaskon garwashi da ƙarfen ƙuna, akwai wata wuƙa mai lilo da ke sauka a kan wanda aka ɗaure a tebur, akwai ɗakin azaba. Wanda kuwa ya fi kowanne ɓata wa mutane rai shi ne na wata budurwa mai guntayen tufafi, ba ta ko da suna, a jikin kwalinta an rubuta kalmar da ke nufin wadda aka zalunta. An yi ta daidai yadda za ta shiga kejin ko ta kwanta a ƙarƙashin wuƙar. Tallar da suka buga a mujallun yara ta nuna an sace ta tana ihu, wani daga cikin masu sacewar yana cewa kada a damu, nan New York ne, babu mai kawo mata ɗauki.

A shekarar ce kuma kamfanin biskit na Nabisco ya sayi Aurora. Ƙungiyoyin iyaye da na mata, ciki har da babbar ƙungiyar matan Amurka da ake kira NOW, suka fito da allunan zanga-zanga a hannu suka tsaya a ƙofar hedkwatar Nabisco a New York, suna cewa ana koya wa yara maza jin daɗin azabtar da mace. Kamfanin da ke sayar wa iyaye mata biskit ba zai iya jure wannan abin kunya ba, don haka ya dakatar da jerin tun bai yi nisa ba, ragowar kayan aka tura Kanada, aka sauya wa budurwar suna aka ce wai 'yar likitan ce. Jihar Kalifoniya kuma ta kafa dokar da ta hana ƙera ko sayar da kayan wasan da ke kwaikwayon azabtarwa ko na'urorinta. Aurora bai daɗe ba bayan haka, a 1977 aka sayar da mazubansa ga kamfanin Monogram.

Abin lura a nan, wanda kuma shi ne zuciyar amsata, shi ne shekara goma iyayen Amurka suna haƙuri da dodanni a ɗakunan 'ya'yansu, wasu na gunaguni amma ana tafiya. Inda haƙurin ya ƙare shi ne lokacin da aka sauya wa yaro matsayi. Mai haɗa dodo kallon abin tsoro yake yi. Mai sakin wuƙar giyotin ko mai kulle yarinya a keji kuwa shi ne mai azabar, hannunsa ne ke aikatawa, kuma daɗin wasan gaba ɗaya yana cikin wahalar wanda ba shi da ƙarfin kare kansa. Wannan ita ce tambayar da nake so uba ko uwa su yi a gaban mai tebur kafin su ciro kuɗi: idan yaro ya riƙe wannan abu, wane ne shi a cikin wasan, kuma me ake so hannunsa ya yi wa wani?

Ba na cikin masu cewa duk yaron da ya riƙe bindigar roba zai tashi mugu. Da yawanmu mun yi bindigar kara da baka da kibiya muna yara, mun yi wasan yaƙi tsakanin unguwa da unguwa, mun girma lafiya. Amma wasan da kika kwatanta ya wuce wasan yaƙi, domin ɗaure mutum a durƙusar da shi kwaikwayon kisan wulaƙanci ne, kuma ni da ke mun san inda yaran suka gano shi. Yaran da suka haɗa giyotin a Amurka ba su taɓa ganin an fille kan kowa ba. Namu kuwa sun tashi a yankin da tun 2014 yake fama da hare-haren Boko Haram. Marwa kanta ta ga tashin bama-bamai a watan Yuli na 2015, Njamena ta ga nata a watan Yuni da Yuli na shekarar, sansanin Minawao kusa da Mokolo kuma tun 2013 yake karɓar waɗanda suka gudo daga Najeriya. A aji ɗaya za ki iya samun yaron da ya ga bidiyon yanka a wayar yayansa, kusa da shi kuma yaron da ya baro Kolofata ko Fotokol bayan ya rasa mahaifi. Ga na biyun, adda mai jan fenti tana tayar da abin da yake ƙoƙarin mantawa. Idan mutanen da ke zaune lafiya sun ga ya kamata su fito titi a kan ƙaramin keji na roba, mu da muka ɗanɗana abin da gaske mun fi su hujja.

Shawarata ita ce kada ki fara da bulala ko ƙwace, domin yaron da ke maimaita irin wannan wasa sau da yawa yana fitar da abin da ya tsaya masa a rai ne. Ki kira su a natse ki tambaye su a ina suka gani, ki kuma tambayi wanda aka ɗaure yadda ya ji, sauran suna saurare. Sannan ki kai maganar taron iyaye da malamai tun kafin Sallah, lokacin da ba a riga an kashe kuɗin ba, ki nemi limamin unguwa ya taɓo ta a huɗuba ko bayan sallar Magariba. Ki kuma ja hankalinsu ga haɗarin da kowa zai gane ba sai an yi dogon bayani ba: harsashin ƙwallon nan yana fasa ido, kuma bindigar roba baƙa mai kama da ta gaske a hannun yaro mai tsawo, da magariba, kusa da shingen jami'an tsaro, tana iya jawo abin da ba a fata. Afganistan ta hana sayar da bindigogin wasa a 2015 bayan yara da yawa sun ji rauni da su a bikin ƙaramar Sallah.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mu dai abin da muka sani shi ne mutum-mutumi haramun ne a gida. To ina matsayin waɗannan dodanni da 'yan tsana na roba?
*Daga wani ɗalibin ilimi, Gaundare*

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani. Hanin sassaƙa siffar mai rai ya tabbata a hadisai ingantattu, amma malamai da yawa, ciki har da Alƙali Iyad na mazhabarmu ta Malikiyya, sun ware kayan wasan yara daga wannan hani. Hujjarsu ita ce Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya yi dariya da jin bayaninta bai hana ba. Haka nan sahabbai sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura domin su shagala har su kai azumi. Inda malamai suka fi tsanantawa shi ne cikakkiyar siffa da babba zai girke a falo domin ado da girmamawa, don haka wanda ke son tara irin waɗannan ya jera a kabad ya zauna da malaminsa tukuna.

Kayan azaba kuwa matsalarsu ta wuce batun siffa. Addini ya hana yi wa gawa kaca-kaca ko da ta abokin gaba ce a fagen fama, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, hadisin da ya zo a kan wasu sahabbai da suka tsorata abokinsu cikin raha. Abin wasan da aka gina shi kacokan a kan ɗaurewa da yankawa da razanarwa yana horar da yaro ne a kan abubuwan da muke karantar da shi cewa an hana.

Tambaya: Malam, ina gyaran waya a Njamena. Na ga a intanet wasu Turawa suna sayen waɗannan tsofaffin kwalaye da tsada. Ta yaya ake gane na asali idan mutum ya ci karo da shi a gwanjo?
*Daga wani matashi, Njamena*

Amsa: Gaskiya ne ƙanena, yaran da suka haɗa su a shekarun 1960 yanzu dattawa ne masu neman abin da zai tuna musu da ƙuruciya, kuma jerin nan na 1971 da aka dakatar da wuri yana cikin waɗanda aka fi nema saboda ƙarancinsa. Amma an sake buga yawancinsu sau da yawa. Monogram ya sake fitar da dodannin, kamfanin Polar Lights ya yi haka a shekarun 1990, kamfanin Moebius kuma ya dawo da Monster Scenes a 2008, wannan karon domin manya masu tarawa. Wasu daga cikin sababbin suna ɗauke da tsohon zanen har da sunan Aurora, don haka suna kaɗai bai isa shaida ba. Ka duba ƙananan rubutun gefen kwali domin ganin shekara da sunan kamfanin da ya buga. Idan ka ga jerin baƙaƙen layukan nan da ake haskawa a kanti domin sanin farashi, to ba na shekarun 1960 ba ne, domin sai a 1974 aka fara amfani da su a kantuna. Idan an rubuta Kanada ko Ingila ko Holan kada ka ɗauka jabu ne, a wancan lokacin Aurora yana da rassa a can, kuma irinsu ne suka fi yiwuwa su biyo dilar Turai.

Daraja tana ga kwalin da ba a haɗa ba, guntayensa cikakku suna manne a jikin sandunan da suka fito da su, takardar bayani tana ciki, kwalin kuma bai sha ruwa ko gara ba. Wannan ya dawo da mu kan Alhaji na Garwa: kafin ɗanka ya ɓalle ko gunduwa ɗaya, ka ƙirga guntayen da takardar, ka ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, ka sa shi a leda ka ajiye a inuwa nesa da zafin kwano, domin roba irin wannan tana lanƙwashewa idan ta sha zafi. Idan ya tabbata na farkon shekarun 1960 ne, sayar da shi ka saya wa yaron kwalin jirgin sama ko na mota da zai haɗa ya fi, Hajiya ma hankalinta zai kwanta.